Tsakuwar da Ban Jefa Ba a Birnin Garanjam

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi mata hanyoyi, ya halicci ƙafa ya sa mata ƙaiƙayi. Ni ne Nomau ɗan Barau, marini jikan marina, mutumin Karofawa. Na yi yawon shekara uku da wata biyar, na ga abin dariya, na ga abin kuka, na kuma ga wanda ya haɗa biyun. Wannan na ƙarshen zan ba ku yau, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya a cikinsa ba, ko da yake raina yana so.

Kwaɗayi ne ya fitar da ni daga gida. Wani falke ya ce mini a bayan tafkuna bakwai akwai wani baba, ganyen rini, wanda rininsa ba ya koɗewa har riga ta tsufa ta yage. Na bar matata Lantana da cikin wata huɗu, na ce mata kafin ta haihu na dawo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ake yi wa mai taɓin hankali addu'a.

Na haye kogin da ke gudu gabas da safe ya komo yamma da la'asar, inda masu jirgi ke yini suna tuƙi su sauke ka inda suka ɗauke ka, su kuma tsaya jiran godiya. Na ratsa ƙasar da gaisuwa ke cin yini guda, don sai an tambaye ka lafiyar danginka ɗaya bayan ɗaya har jikan ƙanwar kakarka. A can ban tsira ba sai da na ce ni tsintacce ne. Da na isa bayan tafkuna bakwai ɗin, sai na tarar da baba irin wanda ke tsirowa a bayan ɗakin uwata, ko ganye ɗaya bai fi shi ba. Na zauna na zagi falken nan har bakina ya bushe, sannan na juyo gida. Daga ranar babu abin da nake so a duniya sai in ga abin da aka haifa mini, wanda ban ma san ko namiji ne ko mace ba.

Hanyar komawa ɗaya ce tak, ta bi tsakanin duwatsu biyu masu tsawon da tsuntsu ke hutawa sau biyu kafin ya kai ƙarshensu. A tsakiyar wannan matsatsi aka gina birnin Garanjam, ya toshe hanyar baki ɗaya. Ƙofa biyu gare shi, ta gabas da ta yamma. Duk mai son wucewa sai ya shiga ta wannan ya fita ta waccan.

A ƙofar gabas Sarkin Ƙofa ya tambayi sunana. Ya ɗauko wata farar tsakuwa, ya zana mata alama da ƙusa, ya danƙa mini. Ni kuwa na ɗauka kyautar maraba ce, na yi godiya har da rusunawa. Aka nuna mini gidan wata tsohuwa maginiyar tukwane, sunanta Tasalla, wadda ke saukar da baƙi a zaurenta.

Na same ta tana kwaɓa yumɓu, siririya ce, hannuwanta sun fi nawa ƙarfi. Da ta ga tsakuwar a hannuna sai ta tsaya.

Ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce ka shigo yau? Ka rasa ranar shigowa sai jajibirin jifa?"

Na ce, "Iya, jifan wa za a yi?"

Ta ce, "Zauna ka sha ruwa tukuna, don bayanin ba ya shiga da ƙishi."

Ga abin da ta faɗa mini. Kowace shekara bakwai mutanen Garanjam suna zaɓen Magajin Gari. Ana kafa manyan tuluna biyu a dandali, ja da baƙi. Jan na Jatau ne, baƙin na Duna, 'yan'uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara ashirin da takwas ke nan suna karɓa-karɓa. Doka ta ce duk mai numfashi a cikin ganuwa ranar jifa, dole ya jefa tsakuwarsa mai alamarsa a ɗaya daga cikin tulunan. Ba a buɗe su, a kan sikeli ake ɗora su, wanda ya rinjaya mai shi ya hau. Wanda ya ƙi jefawa kuwa hukuncinsa shiru na shekara bakwai. Ba mai yi masa magana, ba mai amsa masa, wanda ya amsa masa ko da tari ne shi ma ya shiga sahunsa. Ƙofar gari ba ta buɗuwa ga irinsa, don Sarkin Ƙofa ba shi da ikon jin roƙonsa.

Na ce, "To ai da sauƙi. Gobe in jefa, in kama hanyata."

Ta ce, "Ka jefa ka zama ɗan gari. Ɗan gari kuwa ba ya fita, don kada zaɓe mai zuwa ya same shi a waje. Ka ga mahaucin da ke bakin kasuwa? Shi ma wucewa ya zo yi, yanzu jikokinsa tara."

Na zauna ina lissafi. In na jefa na zauna har mutuwa, in na ƙi na zauna shekara bakwai kamar turmi a tsakar gida. Na tuna Lantana, na tuna ɗan da yanzu ya isa yawo da ƙafarsa bai san fuskata ba, sai na ji hawaye na neman kunyata ni gaban tsohuwa.

Na ce, "Ke wa za ki jefa wa, Iya?"

Ta ce, "Bana ba kowa. Jatau ya ƙwace ramin da muke ɗiban yumɓu ya gina wa dawakinsa barga. Duna ya rantse zai mayar mana, da ya hau sai ya rushe bargar ya gina wa tantabarunsa ɗaki. Na tsufa da wannan wasan. Gobe a ƙofar gidana zan zauna, kowa ya gan ni."

Gari na wayewa aka buga tambari. Na leƙa ta kan katanga na ga abin da ban taɓa gani ba. Layi ya miƙe daga dandali har ganuwa. An ɗauko marasa lafiya a kan gadajensu, an jawo makafi, ga wata mata naƙuda ta kama ta ana riƙe da ita ta kowane gefe. Kowa in ya iso sai ya dunƙule hannu, ya zura shi cikin tulu har gwiwar hannu, ya fitar da shi a buɗe. Wani dattijo ya cika a kan layi. Dogarai suka yi shawara, suka taɓa shi suka ji da sauran ɗumi, suka ɗauke shi suka zura hannunsa a jan tulu, don shi ya fi kusa. Fuskokin mutanen nan kuwa kamar masu jiran a cire musu haƙori.

Ni dai a bayan tukwanen Tasalla na ɓuya. Ita kuwa tana ƙofar gida tana ɗaura wa wata randa baki. Da la'asar aka auna tuluna, aka ce Duna ya rinjaya. Kafin rana ta faɗi dogarai suka zo suka tafi da mu, ita tana tafe da kanta, ni ana janye ni da ƙafa ɗaya daga cikin toka.

Abin da ya cece mu a ranar shi ne mutanen Garanjam suna son shari'a fiye da tuwo. Muddin ƙara tana gaban alƙali, hukunci ba ya hawa kan mutum. Kotunansu uku ne, ta gindin tsamiya, ta soro, da ta kan dutse. Dukkansu kuwa alƙali ɗaya ne, Malam Barmo, rawani kawai yake sakewa. Mutum ne mai tumbi da taushin murya, kullum da ƙoƙon dabino a gefensa, don a duk birnin shi kaɗai ke da bishiyar dabino kuma ba ya ba kowa.

A gindin tsamiya na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni baƙo ne. Ban san Jatau ba, ban san Duna ba. Yaya zan zaɓa wa mutane shugaban da ba zai mulke ni ba?"

Ya tauna dabino, ya ce, "Doka ta ce duk mai numfashi. Ranar jifa ka yi numfashi?"

Na ce, "Na yi, Allah ya gafarta Malam."

Ya ce, "To wa ya sa ka? An kori ƙara."

Muka ɗaukaka zuwa soro. Bayan kwana tara ya fito da koren rawani, ya dube mu kamar bai taɓa ganinmu ba. Wannan karon Tasalla ce ta yi magana.

Ta ce, "Malam, in an kawo wa mutum ruɓaɓɓen nama akushi biyu, ya ce ya ƙoshi, ai ya zaɓa. Ni na zaɓa. Ƙin da na yi shi ne jifana. Da kun kafa tulu na uku, na wanda ba ya son kowa, da ni zan gina muku shi kyauta, kuma ni zan fara zura hannu."

Ya ce, "Tasalla, tulu na uku wa zai hau in ya rinjaya?"

Ta ce, "Ba kowa. Mu huta shekara bakwai mu gani."

Mutanen da ke sauraro suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Malam Barmo ya ce doka ba ta ce a so ba, cewa ta yi a jefa, kuma alƙalin gindin tsamiya mutum ne mai zurfin ilimi, ba zai saɓa masa ba. Aka sake korar ƙara.

Saura kotun kan dutse, daga ita ba sauran magana. Kwana ashirin aka sa mana. A cikin kwanakin nan na rame har wandona ya daina zama. Tasalla ce ke ciyar da ni, in na ƙi ci ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni. Wata safiya muna jera tukwane a rana ta ce in matso.

Ta ce, "Ka san wa ke gina tulunan jifa?"

Na ce, "Ke ce."

Ta ce, "Ka san wa ke fasa su ta binne, kwana arba'in bayan jifa?"

Na ce, "Ke ce dai."

Ta ce, "An rantsar da ni ba zan faɗi abin da idona ya gani ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma kai ba a rantsar da kai ba. Kotun kan dutse tana da al'ada, ba ta hukunci da abin da kunne ya ji, sai abin da ido ya gani. Laifinmu shi ne tsakuwarmu ba ta cikin tulu. To, ido ya gani?"

Na ce, "Iya, in an buɗe ai za a ga tamu ba ta ciki."

Ta ce, "Kai dai ka roƙa. Marini ne kai, ka san ba a sanin abin da ke cikin karofi sai an motsa."

Ranar shari'a duk garin ya hau dutse. Jatau da Duna suna zaune a kan darduma ɗaya suna raba goro, waɗanda a dandali kowa ke kiran ɗan'uwansa ɓarawo. Malam Barmo ya fito da farin rawani mai girman kwando. Na miƙe tsaye.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, an ce tsakuwata ba ta cikin tulu. Wannan kotu kuwa na ji ba ta aiki da an ce. Ina roƙo a zazzage tulunan a nan, ido ya gani."

Na ga dabinon da ke hannun alƙali ya tsaya a hanya bai kai baki ba. Ya ce ba a taɓa yi ba. Wani tsohon magatakarda mai rabin ji, wanda bai fahimci inda aka dosa ba, ya ɗaga murya ya ce al'adar dutse ke nan tun kakanni, abin da aka roƙa a gani sai an gani. Duna ya ce a buɗe mana, kowa ya ga yawan masoyansa. Jatau ya ce a buɗe, ƙila a gane an cuce shi.

Aka shimfiɗa tabarmi biyu. Ƙarti huɗu suka kawo tulunan suna nishi, suka kifar.

Jama'a, abin da ya zubo bai yi ƙarar dutse ba. Ƙwallon goruba ne, da 'ya'yan tsamiya, da ɓawon gyaɗa, da kashin awaki busasshe mudu-mudu, da guntun kasko, da haƙoran tsofaffi, har da mataccen ƙadangare. Magatakarda ya durƙusa yana tonawa da sanda yana neman farar tsakuwa. A jan tulu ya sami ɗaya, mai alamar Jatau. A baƙin tulu ya sami ɗaya, mai alamar Duna. Duk birnin Garanjam, mutum dubu bakwai, su biyu ne kaɗai suka jefa, kowa ya jefa wa kansa. Duna kuwa ashe da kashin awaki ya rinjayi ɗan'uwansa.

Sai ga magatakarda ya ɗago wani abu yana dubawa, ya ce, "Wannan kuma ƙwallon dabino ne." Ido dubu goma sha huɗu suka juya kan ƙoƙon da ke gefen alƙali.

Abin da na gane a fuskokinsu shi ne, kowane ɗayansu shekara da shekaru yana zaton shi kaɗai ne ke wannan ta'asa. Miji ya ɓoye wa mata, mata ta ɓoye wa miji, kowa na fita daga dandali da fargaba da ɗan daɗinsa a ciki. Wani ya fara dariya, ta bazu, har mutane na faɗuwa suna riƙe ciki. Ni ma na yi, na ce a raina shi ke nan, doka ta mutu, tunda ba za a sa wa gari duka shiru ba. Na dubi Tasalla, na ga ita ba ta dariya.

Ta fi ni sanin mutanenta. Dariyar ba ta daɗe ba ta koma kunya, kunyar ta koma haushi. Na ji wata mata a bayana tana cewa, "Muna zamanmu lafiya, tsohuwar nan ta tona mana asiri." Wani ya ce, "Ita wa ta fi, da ba za ta zura hannu kamar kowa ba?"

Malam Barmo ya ji inda iska ta juya. Ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya ce ya duba dokar da idon basira. Abin da magabata ke nufi da jifa shi ne a ga hannu ya shiga tulu. Abin da ke cikin hannun kuwa tsakanin mutum ne da Ubangijinsa. Saboda haka duk wanda ya zura hannu ya cika doka, zaɓen Duna yana nan daram, kuma daga yau wanda ya sake roƙon a buɗe tulu shirunsa shekara goma sha huɗu. Jama'a suka yi ta sa masa albarka.

Ya juyo kaina, ya ce, "Kai kuma baƙo, bakinka ya yi tsawo, ba mu son irinka ya zama ɗan gari. An kore ka. Ka fita ta ƙofar yamma kafin rana ta faɗi, kada ka sake dawowa. In ka taka wata doka tsakanin nan da ƙofa, ka zauna tare da mu."

Wallahi ban san lokacin da na faɗi ina godiya ba.

Ya ce, "Tasalla kuwa, ido ya gan ta zaune a ƙofar gidanta ranar jifa, hannunta bai shiga ko'ina ba sai yumɓu. Shirunta ya fara daga yanzu."

Aka buga tambari sau ɗaya. Mutanen da ke kusa da ita suka ja da baya, aka bar ta a tsakiyar fili ita kaɗai.

Na sauka daga dutse dogarai biyu na biye da ni. Na shiga zaurenta na ɗauki jakata. Da na fito sai ga ta a bakin ƙofa, ta riga ni isowa, da ƙullin dambu a hannu. Ta miƙo mini, na karɓa, don doka ba ta hana karɓa ba.

Ta ce, "Ka ci a hanya, ɗan nan. Ka gai da mai ɗakinka."

Dogaran nan suka zuba mini ido. Rana ta yi ƙasa. Kalma ɗaya ce tsakanina da shekara bakwai. Na dubi ƙasa na wuce.

Ta biyo ni a baya har kasuwa, tana tafe a hankali. Ta ce, "Allah ya kai ka lafiya, Nomau." Ban ce amin ba. Mutanen da ke gefen hanya suna ta kallon sama kamar masu neman wata. A bakin ƙofar yamma ta sake cewa, "Na san ba za ka iya amsawa ba. Ban riƙe ka da komai ba, je ka ga ɗanka." Wannan ta fi zagi ciwo, da ma zagina ta yi.

Na ce a raina, ina taka waje dokarsu ta sauka daga kaina, sai in juyo in yi mata godiyar da ba a taɓa yi wa mutum ba, duk garin ya ji. Na ƙetare dokin ƙofa, na ƙara taku uku don in tabbata, na juyo na buɗe baki. Sarkin Ƙofa ya riga ya tura ƙyaure. Ƙofar Garanjam kaurinta kamu huɗu ne. Na yi ta kiran Iya, Iya, ina dukan itace har hannuna ya fashe, ban san ko ta ji ba.

Na isa Karofawa bayan wata biyu. Mace aka haifa mini, ta gan ni ta ruga bayan uwarta tana kuka, sai da aka yi mako kafin ta yarda in ɗauke ta. Yanzu shekara goma sha ɗaya ke nan. In na ba da labarin nan a bakin karofi mutane sukan yi dariya wajen kashin awaki, su ce Nomau ka iya shari'a, ni ma in taya su. Ba ni na iya ba. Wadda ta iya na bar ta tsaye a bayan ƙyaure, ta yi mini magana sau uku ban amsa ba, ta yi mini addu'a ban ce amin ba.

Iyakar abin da ya same ni a Garanjam ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Wanda ya ji, in ya tashi addu'a ya sa da wata tsohuwa maginiya, ya kuma ce amin da ƙarfi, a madadina.